Inda Taɓarya Ta Tsaya

Yasore,
ranar Laraba.

Zuwa ga 'yata Ummi, malamar Hausa a Safana.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Ina gaishe ki gaisuwa mai yawa. Ya baƙunta, ya ruwan garin, ya ɗalibanki? Allah ya sa kina cin abinci a kan lokaci, ba irin cin da kika saba yi a tsaye ba. Allah ya tsare min ke a ɗaki da aji da hanya.

Mu nan lafiya lau, sai abin da ba a rasa ba. Babanku ƙafar ta yi sauƙi, har ya je gona jiya, ko da yake ya dawo yana ɗingishi yana cewa laifin takalmi ne. Gwaggo Hansai idon nan nata bai daina ruwa ba, an ba ta maganin ɗigawa amma tana ɓoye shi a ƙarƙashin katifa. Ƙanwarki Sa'a ta yi zazzaɓi kwana biyu, yanzu ta miƙe, har ta cinye rabon mutum biyu. Lanti maƙwabciyarmu ƙalau take, bakinta ma ƙalau. Jar akuyar nan ta haifi biyu. Ni kuwa lafiyata lau, sai dai tun ranar da kika buga waya ban iya zama wuri ɗaya ba.

Ummi! Waƙata a aji! Waƙar da na rubuta da wannan karkataccen hannun nawa, ita za ki ɗora a allo gaban 'yan mata arba'in, ga kuma mai duba makarantu zaune a baya da littafinsa! Da kika faɗa min, ina riƙe da ludayi, ban san lokacin da na sake shi cikin tukunyar kunu ba. Na faɗa wa babanku, ya ce, "To, yanzu sai mu riƙa neman izini kafin mu shigo gidan." Na faɗa wa Lanti ta katanga, ta rangaɗa guɗa har kaji suka watse. Ni da sai da na haura arba'in kafin in bambance harafin "ba" da harafin "da", yau ni ce za a yi nazarina. Alhamdu lillahi. Wallahi ko yanzu da nake rubutu murmushi nake, shi ya sa layin yake hawa sama.

Amma akwai maganar da kika yi daf da wayar ta katse, ita ce ta sa na ɗauki biro. Kin ce ɗango na shida ya karye, bai cika kari ba, bai kuma faɗa kan amsa-amo ba, saboda haka za ki ɗan gyara shi kafin ranar Laraba mai zuwa, don kar mai dubawa ya ce kin kawo wa yara gurguwar waƙa, aikinki kuma sabo ne. Na buɗe baki in amsa, sai wayar ta yi shiru. Na hau kan turmi, na je bayan rumbu, ba sabis. Ya ma fi. A waya in na fara magana sai ki ce "To, Inna, to, Inna," ban kai ƙarshe ba. Takarda ba ta katse mutum. Kwana uku nake rubuta wannan, kullum bayan azahar, ki yi haƙuri da tsawonta.

Bari in sa miki wurin a nan, yadda yake, don mu duba abu ɗaya:

Na ɗau alli, kai ya yi fari,
Aka ce mini kul, sai dai haƙuri.
Yau hannuna ya san sauri,
Wani ba shi karanta min sirri.
Na ɗau allona, na yi shiri,
Iya ba ta nan.
Ya Allah kai rahama kabari.

Ni ban yi makaranta irin taki ba. Sunayen Larabcin nan da kuke ba kari, in kin faɗa sai in ji kamar ana lissafa magunguna. Abin da nake da shi kurakuraina ne, su zan ba ki, ki zaɓi mai amfani.

Na farko, da na iya rubutu sai na raina kunnena. Tun ina yarinya a Darini nake waƙa a bakin turmi. Kakarki Iya, wadda kika ci sunanta, in muna lugude ita da ni a turmi ɗaya, taɓaryarta na sauka tawa na tashi, ita ke bayarwa ni ina amsawa, ba mu taɓa karo ba. Ban san ana kiran wannan abu kari ba. Na dai san in magana ta yi yawa taɓarya za ta riga ta sauka, in ta yi kaɗan kuma hannu zai tsaya a sama yana jira. To da na shiga ajin yaƙi da jahilci, na ga waƙa a littafi, layi-layi a jere kamar kunyoyin gona, sai na ce ashe sirrin ke nan: kowane layi ya yi tsawon ɗan'uwansa. Na karyi tsinken tsintsiya na mai da shi ma'auni. In na rubuta layi sai in ɗora tsinke. Wanda ya gaza in cusa masa kalma, wanda ya zarce in datse masa wutsiya. Shafin ya fito tsaf, abin sha'awa, kamar an yanka da wuƙa.

Na kai wa malamarmu, Malama Hajara, wadda aka turo mana daga Batsari. Ta duba ta ce, "Inna, rera min." Na fara. Layin farko harshena ya yi tuntuɓe, na biyu numfashi ya ƙare min a tsakiya. Lanti tana bayana ta ce, "Ke wannan waƙa ce ko jaki ne ya hau dutse?" Aji ya fashe da dariya. Malama ba ta yi dariya ba, ta ce, "A gida da me kike auna waƙa?" Na ce, "Da taɓarya." Ta ce, "To wa ya ce ki canza?"

Saboda haka, Ummi, kar ki fara da allo. Kar ki shiga aji ki soma zana musu 'yan alamomin nan na gaɓa mai nauyi da marar nauyi tun ba su ji komai ba. Yawancin yaran nan daga ƙauyuka suke, irin su Tsaskiya, babu wadda ba ta taɓa surfe ba. Ki ce su rufe littafi. Ki rera, su kuma su buga tebur da tafin hannu duk inda taɓarya za ta sauka. Za ki ji sau huɗu take sauka a kowane ɗango. Na gwada jiya da ainihin gero, sau huɗu ne, ba ƙari ba ragi. In hannunsu ya kama, sai ki ce, "To abin nan da kuka buga, ga sunansa a wurin malamai." Nan ne iliminki zai shigo, ki faɗi sunan da ƙarfi mai dubawa ya ji. Kai, ina ma ina laɓe a taga!

Na biyu shi ne amsa-amo, kuma har yau in na tuna sai kunya ta kama ni. Da na gane cewa ƙarshen layuka kan faɗa kan sauti ɗaya, sai abin ya zame min kamar yaro ya sami sabon usur. Duk kalmar da ta ƙare da "ri" sai in tsince ta in adana: gari, fari, shiri, sauri. Ranar da muka gama littafi na ɗaya, na shirya waƙar yabon matan ajinmu, kowa da ɗangonta. Da na zo kan Lanti kalmomina sun ƙare, saura guda ɗaya tak a ajiye, gishiri. Na juya ta, na juya ta, ta zauna daram a kan kari. Sai kawai na rera a gaban mata talatin: "Da miyar Lanti, kai, ba gishiri."

Ummi, kin san miyar Lanti. Duk unguwar nan babu mai hannunta. Amma kafin la'asar magana ta zaga gari. Mijinta ya dawo daga masallaci yana cewa, "Ashe abin da nake ci ke nan shekara ashirin ban sani ba?" Yara suka ɗauka suna rerawa a bakin rijiya. Lanti ta yi sati uku ba ta amsa sallamata. Ranar da na je ba ta haƙuri, ta zubo min miyar kuka a kwano ta tsaya a kaina ta ce, "Sha. Shanye. Yanzu faɗa min, malamar waƙa, akwai ko babu?" Na ce akwai. Ta ce, "To me ya sa kika ce babu?" Na ce, "Shi ne ya dace da layin." Ta ce, "Au, layi ne ya fi ni?"

Na suɗe kwanon na miƙa mata. Abin da na koya shi ne, amsa-amo ɗan rakiya ne, ba shi ke zaɓar hanya ba. In kina nazari da yaranki, kar ku tsaya a cewa waƙar nan amsa-amonta "ri" ne, ku ja layi a ƙarƙashi ku wuce. Wannan ko Sa'a za ta iya. Ki tambaye su, kalmar nan ta ƙarshe, mai waƙar ce ta kira ta, ko ita ce ta ja mai waƙar da igiya? Ku bi nawa ɗaya bayan ɗaya, ban ce ki raga min ba. Ni kaina ina zargin "sauri" ɗin nan na ɗango na uku, don hannuna bai san wani sauri ba, ga shi wasiƙa ɗaya ta ci min kwana uku. In yara suka kama ni a nan, ki ce sun yi daidai, ki rubuto min sunan wadda ta fara ganowa.

Na uku ya fi nauyi. Iya tana da wata waƙa da take yi in ana sussuka, mai sauri ƙwarai, taɓarya har kamar tana rawa. Tana cewa ɗan tsuntsunta ya tashi da hantsi, gero ya nuna ba mai ci. Ni ina jin saurin sai na ɗauka waƙar murnar kaka ce. Ranar sunan yayanki, gida cike da mata, aka kifa ƙwarya a ruwa ana kiɗa, sai na ɗauko ta, ina juyi ina tafi, mata suna amsawa. Na waiga in ga ko Iya ta ji daɗi, sai na ga tabarmarta ba kowa. Na same ta a bayan ɗaki tana tsintar wake da ba ya buƙatar tsinta. Gwaggo Hansai, ƙanwarta, ita ta ja ni gefe ta ce, "Ke ba ki da hankali? Ɗanta na fari ta yi wa, wanda ƙyanda ta ɗauke ana gab da girbi, tun ba a haife ki ba. Sauri take yi don kar kuka ya cim mata."

Shekara nawa ina amsa wannan waƙa a bakin turmi, ban taɓa kallon fuskar mai bayarwa ba.

Don haka in kun zo kan yanayin waƙa, kar ki bar su su ce kari mai sauri murna ne, mai jan jiki baƙin ciki ne, su rubuta su huta. Ki sa su tambaya: wa ke magana, a ina take tsaye, me ya same ta kafin ta buɗe baki? Tawa waƙar da murna ta fara, murna ta gaske, irin wadda nake ciki yau. Amma ki bar su su gano da kansu inda ta juya.

Yanzu ga ɗango na shida.

Ba ki san ranar ba, kina makarantar kwana. Ranar da na fara rubuta sunana ni kaɗai, ba tare da Malama ta riƙe min hannu ba, ban ko koma gida ba. Na rungumi allona na tari mai babur na ce Darini. Duk hanya ina riƙe da allon nesa da jikina don kar mayafi ya goge allin. Ina ta shirya abin da zan ce: Iya, duba, wannan ni ce. Na san ma abin da za ta ce, za ta juya shi a kife ta ce, "Wannan tafiyar tururuwar ce ke?" Muna shan kwanar gidan sai na ga maza zaune a kan tabarmi a ƙofa. Ashe da hantsi ta cika, wanda aka aiko ya faɗa min ya bi ta ɗaya hanyar, mun saɓa. Na sauka da allo a hannu, sunana a jiki, ban san inda zan ajiye shi ba.

Da na zo shirya waƙar bayan shekara guda, a bakin turmi na shirya ta, ni da Lanti muna lugude. Na kai "Na ɗau allona, na yi shiri," na ce "Iya ba ta nan," sai hannuna ya tsaya. Sau biyu taɓarya ta sauka, sauran biyun ba su zo ba. Lanti ma ta tsaya da tata a sama. Sai kukan kurciya a kan rumbu. Can na ce "Ya Allah kai rahama kabari," muka ci gaba da daka.

Kuma kar ki ɗauka ke kika fara tunanin gyara shi. Na riga ki, wannan shi ne kuskurena na huɗu. Ranar bikin yaye ajinmu aka ce manya za su zo daga ƙaramar hukuma. Tsoro ya kama ni, irin wanda ya kama ki yanzu. Na ce za su ce tsohuwa ba ta iya ƙirga huɗu ba. Sai na cike shi: "Iya ta tafi, sai dai nai haƙuri." Ki auna ki gani, ya cika kari, ya faɗa kan amsa-amo, ba inda za a sa masa jan biro. Na rera, aka tafa, wani mai babbar riga ya ce madalla. Da muka fito Gwaggo Hansai ta kama hannuna ta ce, "Waƙa ta yi daɗi. Amma ban ga 'yar'uwata a ciki ba. Kin wuce ta kamar kin wuce kasuwa."

Gaskiya ta faɗa. Kuma ƙarya na yi a layin, irin ta gishirin Lanti, don ni ban yi haƙuri a ranar ba. Haƙuri daga baya ya zo, da kyar. A ranar babu komai, shi ya sa a layin ma babu komai. Da na dawo gida na goge cikon, ban sake mayar da shi ba.

To ga abin da nake roƙo, Ummi. Ki bar yaran su buga tebur tun daga farko, huɗu, huɗu, huɗu, har hannunsu ya saba. In kun iso wurin, kar ki gargaɗe su. Za su buga biyu, su ɗaga hannu don na uku, su ji ba magana. Wasu za su buga a banza su yi dariya, ki ƙyale su. Ki ƙirga bugu biyun nan a zuciyarki, kar ki yi gaggawar cike shirun. Sannan ki tambaye su, me ya faru a nan? Na rantse miki a cikin arba'in ɗin nan akwai wadda ta taɓa zuwa gida da abu a hannu ta tarar da tabarmi a ƙofa. Ita za ta ba ki amsa, ba sai kin faɗa ba.

In mai dubawa ya ce kari ya karye, kar ki musa, ki ce, "Ƙwarai ya karye, ranka ya daɗe, ga inda ya karye, ga kuma dalili." Ai nazarin ke nan, ko ba haka aka koya muku ba? Wadda ta nuna inda ya karye ta fi wadda ta ɓoye sanin kari. Na san aikinki sabo ne, na san kuma ba ni zan tsaya a gabansa ba. Ina jin tsoron nan tare da ke, jiya ma sai da na ƙona tuwo ina tunaninsa. Idan kin ga ba za ki iya ba, ba zan yi fushi ba, Allah ya sani. Ki ɗauki wata daga littafinku ki koyar, akwai masu kyau da suka fi tawa nesa. Abu ɗaya ne ban yarda ba: a cike wurin nan a ce waƙata ce. In an cike, ki cire sunana, ki cire na takwararki.

Amma zuciyata tana ba ni za ki bar shi. Shi ya sa na riga na ciro taɓaryar Iya daga bayan gado, na wanke ta, na shafe ta da man gyaɗa, tana nan jingine tana ƙyalli. Malam Sani mai babur, wanda zai kawo miki wannan takarda, zai sake shiga Safana ranar Litinin. Na tambaye shi ko zai ɗaura taɓarya a babur, ya ce, "Inna, na ɗauki rago, na ɗauki ƙofa, taɓarya ce za ta gagare ni? Sai dai in an tsayar da ni a hanya ki zo ki yi bayani." Turmi kuwa ki ara a gidan da kike haya, ki sa mudu ɗaya na gero, kar a daka turmi wayam. Lanti ta ce in gaya miki in yaran ba su iya lugude ba a aiko mata da su hutu.

Saboda haka ki ba ni amsa kafin ranar Lahadi ta fita. Ki rubuta a takarda ki ba Malam Sani ya dawo da ita, ko layi biyu ne, ki yi manyan baƙaƙe yadda zan karanta da kaina ba sai na kira kowa ba. In kin ce a'a, in mayar da taɓaryar bayan gado. In kin ce e, ranar Litinin Iya za ta hau babur ta tafi makaranta, karo na farko a rayuwarta.

Babanku yana sa miki albarka. Gwaggo Hansai ta ce ki riƙa rufe ƙofa tun kafin magariba, kar kuma ki hau hanya in ba ki tambayi labarinta ba. Allah ya tsare ki daga sharrin hanya da na baki, ya buɗe miki ƙirji ranar Laraba, ya sa harshenki kar ya yi tuntuɓe irin nawa, ya zaunar mana da ƙasarmu lafiya. Ya kai rahama kabarin wadda kika ci sunanta. Amin.

Ni ce mahaifiyarki,
da hannuna na rubuta.